Allura Ta Je Ta Dawo: Jagorar Surfanin Baƙin Zare

A wani gidan adana kayan tarihi da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai hoton Jane Seymour, matar Sarki Henri na 8 ta uku, wanda mai zane Hans Holbein ya zana wajen shekarar 1536. Duk wanda ya san allura, idan ya tsaya gaban hoton nan, bakin hannun rigarta zai fara kallo. Farin lilin ne mai tattara, an bi shi da siraran layuka baƙaƙe, kuma Holbein ya zana su dalla-dalla har masu ɗinki na zamanin nan suna kwafar adon daga jikin hoton. Bakin hannu mai tattara yana lanƙwashewa, ciki ya fito waje, waje ya koma ciki, don haka ɗinkin da za a yi masa dole ya zama ba shi da baya. Duk ta inda aka juya shi, fuska ce.

Wannan shi ne surfanin da mutanen Ingila ke kira bilakwok, wato aikin baƙin zare. Launi ɗaya ne a kan farin ƙyalle, babu wani ja ko kore da zai rufa wa mai ɗinki asiri. Kyansa duka ya rataya a kan abu biyu: ƙirga, da sanin hanyar da allura za ta bi ta je ta kuma dawo. Su ne za mu bi daki-daki a wannan jagora.

Inda aikin ya fito

An daɗe ana jingina aikin ga Katarina ta Aragon, gimbiyar Sifaniya da ta iso Ingila a 1501, ta auri Henri na 8 a 1509. Har "aikin Sifaniya" aka riƙa ce masa. Sai dai marubuci Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya riga ya siffanta wata matar kafinta mai wuyan riga da aka yi wa ado da baƙin alharini ciki da waje. Ke nan Ingila ta san baƙin zare a kan farin ƙyalle shekara ɗari kafin zuwan gimbiyar, zamaninta ne dai ya mai da shi yayi.

Ɗinkin kansa ya girmi yayinsa a fadar Ingila. A Masar ta zamanin Mamalik, tsakanin 1250 da 1517, ana yin sa da alharini a kan lilin, sau da yawa da shuɗi ko ja, kuma guntayen wannan aiki suna nan a gidan tarihi na Ashmolean da ke Okusfod. Matan birnin Fas na Maroko suna da nasu surfanin na ƙirga mai launi ɗaya da fuska biyu, matan Karnataka a Indiya kuma suna da aikinsu na kasuti. Da injin ɗab'i ya bazu a Turai, sai littattafan zanen ɗinki suka fara fitowa a Jamus, irin na Peter Quentel da aka buga a birnin Kolon a 1527, adon ya riƙa tsallaka iyakoki a cikin takarda.

A Ingila aikin ya bi matakai uku. Da farko siraran layuka ne na ƙirga a wuyan riga da bakin hannu. A zamanin Sarauniya Elizabet ta 1, daga 1558 zuwa 1603, sai aka koma zana rassa masu murɗewa da ganye da furanni da 'ya'yan itace, ana cika cikin kowane ganye da ɗan ado mai maimaita kansa. Daga baya aka ƙara yayyafin ƙananan ɗige don kwaikwayon inuwar hotunan littattafai. Da yawa daga tsofaffin ayyukan sun lalace, domin rinin baƙi na lokacin yana da sinadarin ƙarfe wanda ke cinye alharini. A wasu ƙyallayen hudojin allura kawai suka rage, kuma ko daga hudojin ana iya karanta zanen, saboda kowace huda a ƙirge take.

Kayan aiki

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan sana'a Larabar ita ce ƙyalle. Ana bukatar saƙa wadda zaren tsaye da na kwance suke da kauri ɗaya da yawa ɗaya. A ɗora ma'auni a ƙirga zaren da ke cikin inci ɗaya a tsaye, a sake ƙirgawa a kwance. Idan lissafin ya zo ɗaya, ƙyallen ya yi. Idan ya bambanta, duk murabba'in da aka ɗinka zai fito da tsawo ta gefe ɗaya. Lilin mai zare 28 ko 32 a inci shi ne aka fi amfani da shi, kuma ana tsallake zare biyu a kowane taku, wato mai 28 yana ba da taku 14 a inci. Mai koyo zai fi jin daɗin yadin Aida mai gida 14 a inci, domin hudojinsa a bayyane suke.

Allura ta zama marar tsini, mai faɗin ido, lamba 24 ko 26. Aikinta ta ratsa tsakanin zaren saƙa ba tare da ta tsaga ko ɗaya ba. Zare kuwa, na auduga mai sili shida ya wadatar, kamar DMC lamba 310 ko Anchor lamba 403, waɗanda duka baƙaƙe ne. A zare sili ɗaya ko biyu, tsawon kada ya wuce santimita 45, don dogon zare yana gajiya ya yi gashi kafin a kai ƙarshensa. Sai zoben katako mai ɗame ƙyalle, da ɗan almakashi mai kaifin baki, da fensir, da littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan makaranta.

Kafin a yanka yadi a yi lissafi. Zane mai faɗin taku 70 a kan ƙyalle mai taku 14 a inci zai ci inci 5, kusan santimita 13. A ƙara inci 3 ta kowane gefe domin zobe ya sami abin kamawa. A kalmashe bakin ƙyallen kada ya warware, a ninke shi huɗu a gano tsakiya, a bi layukan ninkin da ɗinkin wucin gadi na zare mai haske wanda za a zare daga baya.

Ƙyalle gidan dara ne

Mai surfanin babbar riga yakan karɓi zanen aska takwas a kan yadi, allurarsa ta bi layin da alƙalami ya shata. A nan ba a zana adon a jikin ƙyalle. Zanen yana kan takarda, ƙyallen kuma shi ne ma'auni. A ɗauke shi tamkar gidan dara: hudoji a jere, tsaye da kwance, tazararsu ɗaya. Kowane taku na allura yana tashi daga huda ya sauka a huda. A takarda ma haka za a karanta: mahaɗar layuka ita ce huda, layin da ke tsakanin mahaɗa biyu shi ne taku.

Daga kowace huda akwai hanyoyi takwas: sama, ƙasa, dama, hagu, da kusurwoyi huɗu na karkace. Daga waɗannan takwas ɗin ake gina kusan komai. Taku huɗu miƙaƙƙu suna ba da murabba'i. Taku huɗu karkatattu suna ba da murabba'in da ya tsaya a kan kusurwarsa, wanda za mu kira ido. Idan aka riƙa sa miƙaƙƙe ɗaya karkatacce ɗaya har takwas, sai a sami siffa mai gefe takwas, wadda ke zaune cikin fili mai gida uku tsaye uku kwance. Taku takwas da suka fito daga huda ɗaya tauraro ne. Sama, dama, sama, dama matakala ce.

Takun karkace ya fi miƙaƙƙe tsawo da kusan kashi 41 cikin 100, shi ya sa yake saurin sakwarkwacewa idan ba a kula da jan zare ba. Akwai kuma taku na uku da ake sa wa a siffofi masu tsini, gida biyu gaba gida ɗaya gefe. Mai koyo ya bar shi tukuna har hannunsa ya faɗa.

Ɗinkin jeka-ka-dawo

Wannan shi ne ɗinkin da aka laƙaba wa sunan Holbein, kuma shi ne ƙashin bayan sana'ar. A ƙirga hudoji bakwai a jere, a ba su lamba 1 zuwa 7. A fito da allura a 1, a nutsa a 2, a fito a 3, a nutsa a 4, a fito a 5, a nutsa a 6, a fito a 7. Yanzu a fuska akwai taku uku da giɓi uku, kuma duk inda fuska ke da giɓi, baya yana da zare. Wannan ita ce tafiya. Dawowa kuwa, daga 7 a nutsa a 6, a fito a 5, a nutsa a 4, a fito a 3, a nutsa a 2, a fito a 1. Giɓin fuska ya cike, giɓin baya ya cike, allura ta koma hudar da ta baro. A juya ƙyallen a duba: layi ɗaya ne miƙaƙƙe ta ko'ina.

Idan layin ya ƙare allura tana ƙasa, misali a huda ta 6, babu damuwa. A fito a 5, a nutsa a 4, a ci gaba da dawowa. Ƙa'idar ɗaya ce tak: kowane taku na zanen sai zare ya bi ta kansa sau biyu, sau ɗaya a fuska, sau ɗaya a baya.

A wajen dawowa ne layi ke yin kyau ko ya karkace, domin allura tana shiga hudar da zare ya riga ya zauna. A tsayar da al'ada ɗaya: a nutsa ta saman tsohon zaren, a fito ta ƙasansa, a riƙe haka har ƙarshen layi. Sabon zaren zai ɗan kwanta a kan tsohon, su haɗu su ba da layi sumul. Wanda ya shiga ta sama yanzu, anjima ta ƙasa, layinsa zai yi ta rawa.

Akwai kuma ɗinkin koma-baya: a fito a 2, a nutsa a 1, a fito a 3, a nutsa a 2. Yana gama layi a tafiya ɗaya, ba ya kuma bukatar dogon tunani. Amma kowane taku ɗaya na fuska yana barin tsawon taku biyu a baya, wato yana cin zare kashi uku inda jeka-ka-dawo ke cin biyu, kuma a kusurwa yakan bar zare a gicciye wanda inuwarsa ke bayyana ta cikin siririn lilin. Ya dace da aikin da za a rataya a bango. Abin da za a sa a jiki ko a shimfiɗa a tebur, jeka-ka-dawo ya fi cancanta da shi.

Ba a ƙulli a wannan aiki. A bar jelar zare kamar santimita 7 a gefe lokacin farawa. Idan layi ya kammala, a zura jelar a allura a bi da ita ƙarƙashin taku huɗu ko biyar na baya, a kan layin sosai, sannan a datse.

Reshe, zobe da tsibiri

Zane ba ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe. Yana da rassa, yana da siffofi rufaffu. Kafin a taɓa allura, a ɗauki fensir a nemo babbar hanya a takarda, wato layin da ya ratsa zanen daga farko zuwa ƙarshe. Duk sauran rassa ne da ke rataye a jikinta.

Reshe ana gama shi ne nan take, a je a dawo, kafin a wuce. A ce allura ta fito a huda ta 3, kuma akwai reshe mai taku biyu da ya tashi sama. A nutsa a huda ta farko ta reshen, a fito a ta biyu, a juyo a nutsa a ta farko, a fito a 3. Reshen ya cika fuska da baya, allura tana inda take, sai a nutsa a 4 a ci gaba kamar ba a ratse ba. Idan reshe yana da nasa reshen, dokar ba ta canzawa: ƙarami ake fara sallama.

Siffa rufaffiya tana da tarko. Wanda ya zagaya murabba'i sau ɗaya ya dawo mafari zai ji kamar ya ci gaba da zagayawa ta hanyar da ya bi. Idan ya yi haka, zare zai sake hawa inda ya hau, giɓi ya zauna yadda yake, domin takun murabba'i huɗu ne, adadin da ke rabuwa biyu. Dole a juya baya a bi zagayen ta inda aka fito. Siffar da adadin takunta ba ya rabuwa biyu, kamar uku ko biyar, ita ce kaɗai ke cika idan aka zagaya ta sau biyu ta hanya ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne tsibiri, wato ɗan adon da bai taɓa komai ba. Allura ba ta da hanyar zuwa wurinsa sai ta ja zare a baya, kuma wannan zaren shi ne zai ɓata fuska ta biyu. Duk zanen da sassansa suke haɗe, komai sarƙaƙiyarsa, yana ɗinkuwa da fuska biyu. Mai tsibiri kuwa sai an yi masa gada da taku ɗaya, ko a ɗinka shi da zarensa dabam.

Gwajin farko

Gani ya kori ji. A zana wannan a takarda sannan a ɗinka. Babbar hanya layi ne mai taku 24, wato hudoji 25, faɗinsa ya ɗan haura santimita 4. A hudoji na 3, 7, 11, 15, 19 da 23 akwai reshe: kara mai taku biyu zuwa sama, da ido mai taku huɗu a kansa.

A fito a 1, a nutsa a 2, a fito a 3. A hau kara: a nutsa a hudar farko, a fito a ta biyu, wadda ita ce gindin ido. A nutsa a kusurwar dama, a fito a ƙoli, a nutsa a kusurwar hagu, a fito a gindi. A juya: a nutsa a hagu, a fito a ƙoli, a nutsa a dama, a fito a gindi. A sauko kara: a nutsa a hudar farko, a fito a 3. Motsi goma sha biyu ke nan, reshe ɗaya ya kammala. A nutsa a 4, a fito a 5, a nutsa a 6, a fito a 7, a sake hawa. Haka har 25, sannan a dawo ana cike giɓin babbar hanya. Jimilla taku 60 a fuska, 60 a baya.

A wajen dawowa akwai zaɓi. Ana iya saukar da irin rassan nan zuwa ƙasa a hudojin da na sama suka tsaya, sai adon ya zama kamar bishiyoyi a bakin tafki da inuwarsu cikin ruwa. Ana kuma iya saukar da su a 21, 17, 13, 9 da 5, sai su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Reshen bai canza ba, matsayinsa kawai aka gusar da taku biyu, amma ado biyu ne mabambanta.

Yadda ado ke maimaita kansa

Abin da ya faru a gwajin nan shi ne asirin tsara zane. Kowane ado yana da ƙwaya, wato ɗan yankin da idan aka jera shi zai haifi sauran. Hanyoyin jerawa huɗu ne: a gusar da ƙwayar gaba yadda take, a kifa ta kamar a madubi, a juya ta a kan huda ɗaya, ko a gusar sannan a kifa, irin sawun ƙafar dama da ta hagu a kan rairayi. Masana lissafi sun tabbatar cewa adon da ke tafiya a layi ɗaya, kamar na bakin hannu, iri 7 ne kawai ta fuskar wannan tsari. Wanda ke cika fili ta ko'ina kuma iri 17 ne, kamar yadda masanin Rasha Evgraf Fedorov ya nuna a 1891. Biyar daga cikinsu suna bukatar juyi na kashi uku ko shida, abin da gidan dara ba ya bayarwa, don haka 12 suka rage wa mai ƙirga zare. Wannan ne dalilin da ya sa adon saƙar zuma a wannan surfani kullum yake fitowa a ɗan miƙe, gefunansa shida ba su zama daidai ba.

Amfanin sanin wannan a aikace yake. Wanda ya gane ƙwayar zane ba ya bukatar kallon takarda a kowane taku. Ya ɗinka ƙwaya biyu ko uku, daga nan ƙyallen da kansa zai riƙa nuna masa inda allura za ta faɗa, kuma kuskure zai yi masa tsalle a ido tun bai yi nisa ba.

Cika fili: haske da duhu

Da zare baƙi ɗaya ake samar da inuwa kala-kala, kuma hanya ta farko ita ce yawan taku. A jera siffofi masu gefe takwas suna haɗa kafaɗa. Tsakanin kowane huɗu ido zai bayyana da kansa. A wannan mataki kowace ƙwaya mai gida tara tana ɗauke da taku 6, fili yana da haske. A sa gicciye mai taku huɗu cikin kowane ido, taku ya zama 10, fili ya yi toka-toka. A ƙara ɗan murabba'i a tsakiyar kowace siffa, taku ya kai 14, fili ya yi duhu. A lura cewa wannan murabba'in tsibiri ne, yana bukatar gada idan ana son fuska biyu.

Hanya ta biyu kaurin zare ce: sili biyu a wurin duhu, sili ɗaya a tsakiya, siririn zaren keken ɗinki a wurin haske. Ta uku ita ce zubar da taku: yayin da ake matsowa wajen haske a riƙa barin wasu sassan ƙwayar, har adon ya watse ya narke cikin farin ƙyalle. Da waɗannan dabaru uku ɗaliban makarantar ɗinki ta masarautar Ingila, wadda aka kafa a 1872 kuma take zaune a fadar Hampton Court, suke ɗinka fuskar mutum har a gane shi.

Idan za a cika ganye ko fure, a shata iyakarsa da ɗinkin wucin gadi, a fara ado daga tsakiya inda ya fi faɗi, a bazu zuwa gefe. A bakin iyaka ƙwaya ba za ta cika ba. A ɗinka rabinta ko sulusinta, gwargwadon abin da ya shiga, kamar an ɗora ganyen a kan adon an yanke. Wanda ya tsaya a cikakkiyar ƙwaya ta ƙarshe zai bar farin rami a gefe. Bayan an cika ne ake bin iyaka da layi mai kauri, wanda zai rufe bakin adon. Ganye biyu da ke maƙwabtaka kada a ba su duhu ɗaya. Don a auna, a jingine aikin a bango, a ja da baya taku biyar, a ɗan runtse ido. Zanen zai ɓace, inuwa ce za ta rage, kuma ita ce ke faɗin gaskiya.

Kurakurai da gamawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsallake zare uku ko ɗaya a maimakon biyu. Alamarsa ita ce siffa ta ƙi rufewa, ko layi biyu su ƙi haɗuwa. Maganinsa warwara, kuma da wuri. A zare allura, a riƙa ɗago taku ɗaya-ɗaya da gindinta har a kai wurin kuskuren. Baƙin zare yana barin gashi a farin ƙyalle, sai a tsince shi da ɗan salatif. Kuskure na biyu jan zare da ƙarfi, wanda ke buɗe hudoji ya tattare yadi. Zare ya kwanta ne kawai. Na uku murɗewar zare: lokaci-lokaci a saki allura ta yi lilo har ta warware.

A wanke hannu kafin a zauna, a cire zobe duk lokacin da aka tashi don kada ya bar shaida. Kafin fara babban aiki a jiƙa guntun zaren a matse shi cikin farin tsumma a ga ko yana zuba. Idan an gama, a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ba cuɗa ba murɗa. A naɗe cikin tawul ya tsotse ruwan, a kifa aikin a kan busasshen tawul a goge ta baya tun yana da ɗan danshi.

Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, kuma wannan sana'a ba ta neman jari mai yawa: ɗan ƙyalle, zare ɗaya, fensir da haƙuri. Shawarata ga mai koyo ita ce ya yanki ƙyalle guda ya mai da shi allon karatunsa, duk sabon adon da ya koya ya ɗinka layi ɗaya a kai, kamar yadda masu ɗinkin Masar da na Ingila suka yi ƙarnuka da suka wuce. Ya fara da layin nan mai taku 24. Ya bi hanyar da fensir kafin ya bi ta da allura, idan ya gama kuma ya juya ƙyallen ya duba bayansa. Ranar da ya kasa bambance fuska da baya, ya kama hanyar gwaninta.